Nazarin lamari: Lewis Cantley, enzayim ɗin PI3K da yadda ciwon daji ke cin sukari

An haifi Lewis Cantley a 1949 a jihar West Virginia ta Amurka. Ya karanta kimiyyar sinadarai a kwalejin West Virginia Wesleyan, ya gama a 1971, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell a ƙarƙashin Gordon Hammes, ya kammala a 1975. Horon da ya samu na auna saurin aikin enzayim ne, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai a jiki: a zuba abu kaza, a ƙidaya abin da ya fito cikin minti kaza, a zana layi, a duba ko layin ya bi lissafi. Bai karanta likitanci ba, kuma bai fara da ciwon daji ba. Amma yau duk wanda ke binciken yadda ƙwayar daji ke sarrafa abinci sai ya bi ta kan abin da ɗakin gwaje-gwajensa ya gano, ko ta kan wani da ya horar.

Aikinsa na farko da ya yi suna ya fito ne daga wata matsala da yawancin masu bincike kan ɗauka a matsayin ɓacin rana kawai. A Harvard, a ɗakin Guido Guidotti, yana aiki a kan famfon da ke tantanin ƙwayar halitta, wanda ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2 duk sanda ya ƙona ATP guda, wato sinadarin da ƙwaya ke samun kuzari daga gare shi. Sakamakon gwajin yana canzawa gwargwadon kwalbar ATP da aka buɗe. Wadda aka ciro daga tsokar doki tana rage wa famfon ƙarfi, sauran ba sa yi. Hanya mai sauƙi ita ce a canza kwalba a ci gaba. Shi ya tsaya ya tace abin da ke cikin kwalbar, a 1977 ya nuna cewa vanadet ne, wani sinadari na ƙarfen vanadiyam. Vanadet yana kama da fosfet a siffa, sai ya shige gurbin fosfet a jikin enzayim ya maƙale, ko da adadinsa bai wuce 'yan nanomola ba.

Har yau vanadet na cikin ruwan da ake fasa ƙwayoyin halitta da shi, domin daga baya an gano yana tsayar da enzayim ɗin da ke cire fosfet daga tayirosin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su. Ana sa milimola 1. Kafin nan sai an gyara shi: a narka, a kai pH ɗinsa 10, ruwan zai yi rawaya, a tafasa har launin ya ɓace, a bar shi ya huce, a sake daidaita pH, a maimaita har ya tsaya a 10 ba launi. Launin rawayan alama ce cewa ƙwayoyin vanadet sun dunƙule goma-goma, kuma a dunƙule ba sa aikin da ake so. Wanda ya haɗa shi da sinadarin gwaji DTT ko EDTA mai yawa ya raunana shi, sai fosfet ɗin furotin ɗinsa su zube kafin ya kai ga aunawa, ya zaci ba su taɓa kasancewa ba.

Faranti guda na silika

A farkon shekarun 1980 masana sun riga sun yarda da hanya guda game da maiƙon tantani mai suna fosfatidil-inositol, wato PI. Kan wannan maiƙo zobe ne mai kusurwa 6, kusurwa ta 1 ita ke riƙe da jelar maiƙon. Ana ɗora fosfet a kusurwa ta 4, sai ta 5, a samu PI(4,5)P2. Sai enzayim PLC ya sare shi gida biyu: IP3 mai sakin kalsiyam, da DAG mai tada wani enzayim mai suna PKC. Don haka da Malcolm Whitman da David Kaplan, tare da Cantley, Brian Schaffhausen da Thomas Roberts, suka nuna a 1985 cewa furotin ɗin bairos na poliyoma mai haddasa ƙari yana jawo wani enzayim mai ɗora fosfet a kan PI, kowa ya ɗauka kusurwa ta 4 ce. Abin lura a aikin shi ne, nau'o'in furotin ɗin da suka kasa mai da ƙwaya ta daji su ne kuma suka kasa jawo enzayim ɗin.

Gwajin kansa ya cancanci a bayyana shi, domin a cikinsa amsar take. Ana kama furotin ɗin da garkuwar da aka keɓe masa, a wanke sau da dama. A busar da PI, a zuba ruwa, a girgiza da na'urar sauti har ya zama ƙananan ƙwallaye. A haɗa da magniziyam wajen milimola 10 da ATP mai ɗauke da fosforos-32 mai fitar da tururin nukiliya, a bar shi kamar minti 10. A tsayar da aikin da ruwan asid, a ciro maiƙon da kulorofom da metanol, a ɗiga a gindin farantin silika da aka shafa wa fotasiyam okzalet. Okzalet ɗin yana kame kalsiyam. Idan aka tsallake shi, ɗigon zai ja jela ya cakuɗe da na kusa da shi. Sai a tsayar da farantin cikin kwalbar sinadari ruwan ya hau, a ɗora fim a kai, a ga inda baƙin ɗigo ya fito.

A 1987 Whitman ya raba enzayim ɗin gida biyu ta halayensu. Nau'i na biyu sabulun gwaji irin Triton X-100 yana ƙara masa ƙarfi, adenosin kuma yana tsayar da shi. Nau'i na ɗaya akasin haka ne: sabulun yana kashe shi, adenosin bai dame shi ba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wasu ɗakunan suka kasa ganin abin. Wanda ya bar sabulu a wankin ƙarshe ya kashe enzayim ɗin da yake nema da hannunsa, ya auna ɗayan. Da aka ɗiga abin da nau'ukan biyu suka samar gefe da gefe a faranti ɗaya, ɗigon na ɗaya bai tsaya daidai da na biyu ba. Tazarar kamar milimita guda ce, irin wadda ake ɗora wa laifin karkacewar faranti. Amma duk sanda aka maimaita tana nan, kuma a ɓangare guda.

Faranti kaɗai ba ya isa hujja. Sai da aka cire jelar maiƙon da metilamin, aka tura kan cikin bututun HPLC mai rarrabe abubuwa bisa cajinsu, aka gwada shi da sanannun ma'aunai, tare da taimakon Peter Downes na Birtaniya. A 1988 mujallar Nature ta buga sakamakon: fosfet ɗin yana kusurwa ta 3, inda ba a taɓa ganinsa ba. Daga nan sunan PI3K ya fito, wato enzayim mai ɗora fosfet a kusurwa ta 3 ta PI. A shekarar ce kuma Alexis Traynor-Kaplan ta ga maiƙo mai fosfet 3 a cikin fararen ƙwayoyin jini da aka tayar, a 1989 ɗakin Cantley ya nuna cewa ƙwayar da aka ɗiga wa sinadarin girma PDGF tana ƙera PI(3,4,5)P3, wato PIP3, cikin 'yan mintuna, alhali a ƙwayar da ke hutawa kusan babu shi. PLC ba ya iya sare waɗannan maiƙo. Ke nan ba reshen tsohuwar hanya ba ne, saƙo ne mai zaman kansa.

Sauran sassan wasu ne suka cike su, kuma adalci ne a faɗa. Ɗakin Cantley ya tace enzayim ɗin daga hantar ɓera a 1990, ya same shi ɓari biyu, p85 da p110. Ɗakin Michael Waterfield a Landan ya fito da ƙwayar gadon p110 a 1992. Sinadarai biyu, wortmannin a 1993 da LY294002 a 1994, suka ba kowa damar tsayar da enzayim ɗin ya ga abin da zai faru. A 1995 aka tabbatar cewa wani enzayim mai suna Akt ne ke karɓar saƙon PIP3. A 1998 Tomohiko Maehama da Jack Dixon suka nuna cewa furotin PTEN, wanda aka gano a 1997 yana ɓacewa a ƙari iri-iri, aikinsa cire fosfet ɗin kusurwa ta 3 ne. A 2004 ɗakin Bert Vogelstein da Victor Velculescu ya gano cewa ƙwayar gadon PIK3CA, mai ƙera p110 alfa, tana gurɓacewa a ciwon dajin hanji da wasu. Gurɓacewar ta taru a wurare 3, E542K, E545K da H1047R, kuma ana samunta a kusan kashi 40 cikin 100 na dajin mama mai amsa sinadaran mata wanda ba shi da yawan furotin HER2.

A tsakiyar wannan jerin akwai gaskiyar da ta yanke hukuncin duk abin da ya biyo baya. PI3K ita ce hanyar da insulin ke bi. Idan insulin ya sauka a tsoka ko kitse, ta PI3K da Akt ake fito da GLUT4, furotin mai shigar da sukari, zuwa tantani don gulukos ya shiga, ta nan kuma ake umartar hanta ta daina zuba sukari cikin jini. Ƙwayar daji mai gurɓataccen PIK3CA ko wadda ta rasa PTEN tana zaune ne tamkar kullum ana gaya mata ta ci ta girma.

Kayan aiki da almajirai

Tasirin masanin kimiyya yakan fi daɗewa a kayan aikin da ya bari. A 1993 Zhou Songyang, ɗalibi a ɗakin Cantley, ya haɗa tarin gajerun sarƙoƙin amino asid, kowace da tayirosin mai fosfet a wuri guda tsayayye, sauran gurabun a cakuɗe. Aka zuba tarin a kan sashen furotin mai suna SH2, aka wanke, aka karanta abin da ya maƙale. Na p85 ya zaɓi sarƙar da ke da metiyonin a gurbi na 3 bayan tayirosin. Da wannan dabara mutum zai duba jerin furotin a takarda ya yi hasashen wa zai kama shi. Michael Yaffe ya mai da ita manhajar Scansite, Brendan Manning ya yi amfani da irin wannan hasashe a 2002 ya gano cewa Akt yana ɗora fosfet a kan furotin TSC2, wanda ya haɗa PI3K da mTOR, enzayim mai sarrafa girman ƙwaya. Reuben Shaw, shi ma daga ɗakin, yana cikin waɗanda suka haɗa LKB1, furotin mai hana ƙari, da AMPK, enzayim mai lura da ƙarancin kuzari a ƙwaya. A 2023 dabarar ta kai ga taswirar enzayim 303 masu ɗora fosfet a kan serin da tiriyonin. Ko labarin gurɓatacciyar kwalba ya sake maimaituwa: a 1997 Lucia Rameh ta gano cewa wani enzayim da aka daɗe ana zaton PI4P yake ci, ashe ɗan PI5P da ya cakuɗe a cikin kayan sayarwa yake ci.

Tambayar Warburg

Tun shekarun 1920 Otto Warburg a Berlin ya auna cewa ƙari yana shan gulukos da yawa ya mai da shi laktet ko da akwai iskar oksijin. A lissafi wannan asara ce, ATP 2 daga gulukos guda a maimakon kusan 30. Warburg ya ce mitokondiriyar ƙwayar, wato sashen da ke ƙona abinci da oksijin, ita ce ta lalace, kuma ya tsaya a kan haka har a rubutunsa na 1956. Bayanin bai tsaya ba, domin yawancin ƙwayoyin daji mitokondiriyarsu na aiki. Abin da ya auna kuwa gaskiya ne, shi ake amfani da shi a hoton PET, inda ake yi wa majiyyaci allurar FDG, gulukos mai alama, ƙarin ya haskaka.

A 2009 Matthew Vander Heiden, Cantley da Craig Thompson suka rubuta sharhi a mujallar Science wanda ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a fagen. Hujjarsu mai sauƙi ce. Ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta ninka duk abin da ke jikinta: maiƙon tantani, amino asid, tubalin DNA. Wanda zai gina ɗaki ba ya ƙona azarar da zai yi rufi da ita don ya ji ɗumi. Idan an ƙona gulukos ƙurmus ya zama iskar kabon, ba abin gini da ya rage. Ƙera maiƙon falmitet guda yana cin ATP 7 amma yana cin NADPH 14, sinadarin da ke ba da lantarkin ginin, da kabon 16, don haka abin da ke ƙaranci ga ƙwaya mai rabuwa kabon ne da NADPH.

Gwajin da ya goyi bayan wannan ya fito a 2008 daga hannun Heather Christofk. Enzayim na ƙarshe a hanyar fasa gulukos, mai samar da fayirubet, yana da nau'i biyu daga ƙwayar gado guda mai suna PKM: PKM1 idan an ɗauki yanki na 9, PKM2 idan an ɗauki na 10. PKM1 kullum a kunne yake. PKM2 sai FBP, wani sinadari da ke samuwa tun farkon fasa gulukos, ya kama shi yake kunnuwa, kuma Christofk ta nuna cewa furotin mai tayirosin da fosfet yana fizge FBP ɗin, enzayim ɗin ya lafa. Ta rage PKM a ƙwayoyin dajin huhu, ta mayar wa wasu M1, wasu M2. Masu M1 suka rage laktet, suka ƙara shan oksijin, kuma ƙarin da suka yi a jikin ɓeraye ya fi ƙanƙanta. Fassarar ita ce lafawar PKM2 tana sa abubuwan da ke sama da shi su taru su malala zuwa hanyoyin gini.

Mutane da yawa sun karanta wannan da gaggawa, suka kira PKM2 enzayim ɗin daji. Aikin da ya biyo baya ya rage wa maganar kaifi. An auna an ga PKM2 ne ya fi yawa a gaɓoɓi lafiyayyu da dama. A 2013 ɗakin Vander Heiden kansa ya cire yanki na 10 a ɓeraye masu dajin mama na rashin ƙwayar gadon BRCA1, sai ƙarin ya ƙara saurin fitowa. A ganinmu wannan bai rushe tunanin ba, ya gyara shi ne: ƙari yana buƙatar ikon rage aikin enzayim ɗin, ba PKM2 ɗin kansa ba. Kuma ɗalibin da ya sa hannu a aikin farko shi ya yi gwajin da ya fi kowanne takura shi, wanda alama ce ta horo mai kyau.

Kamfanin Agios, wanda Cantley ya kafa tare da Thompson da Tak Mak a 2008, ya ci ribarsa ta farko a wani wuri dabam. A 2009 masu bincikensa suka nuna cewa gurɓataccen enzayim IDH1, nau'in R132H da ake samu a ƙarin ƙwaƙwalwa, ya koyi sabon aiki: yana ɗaukar alfa-ketogulutaret da NADPH ya ƙera 2HG, wanda ke taruwa har ninki 100. 2HG yana toshe enzayim ɗin da ke cire alamun metil daga DNA da histon, sai ƙwayar ta kasa balaga. Daga nan aka samu magunguna masu tsayar da gurɓataccen IDH: enasidenib ya samu amincewar FDA, hukumar magunguna ta Amurka, a 2017, ivosidenib a 2018, duka don dajin jini na AML. Hatsarinsu daga nasararsu yake fitowa: ƙwayoyin da suka daɗe a tsaye sukan balaga gaba ɗaya, majiyyaci ya yi zazzaɓi, numfashi ya yi wuya, ruwa ya taru a huhu, sai an hanzarta ba shi dexamethasone. Binciken fayirubet kuwa ya haifi mitapivat, wanda ke kunna nau'in enzayim ɗin da ke jajayen ƙwayoyin jini, aka amince da shi a 2022 ga masu ƙarancinsa na gado. An kuma kai shi gwajin asibiti a kan sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, bisa dalilin cewa yana ƙara ATP yana rage 2,3-DPG, sinadarin da ke sa haemoglobin sakin oksijin, sai haemoglobin ya ƙara riƙe oksijin, ƙwayar ta rage lanƙwashewa.

Inda maganin ya ci karo da jiki

Magungunan PI3K sun ba da wahala fiye da yadda aka zata. Idelalisib na 2014, mai tsayar da nau'in p110 da ake kira delta a dajin jini, ya zo da lalacewar hanta, kumburin hanji da cututtuka masu kisa, a 2022 aka janye wasu daga cikin amfaninsa. Buparlisib, mai tsayar da dukkan nau'ukan, yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, ya jawo baƙin ciki da firgici. Alpelisib, wanda ya keɓanta da alfa, ya samu amincewa a Mayun 2019. A gwajin SOLAR-1, cikin mutum 341 masu dajin mama da gurɓataccen PIK3CA, waɗanda suka sha miligiram 300 kullum tare da fulvestrant, maganin da ke toshe sinadarin mata, sun yi wata 11 kafin cutar ta ci gaba, masu fulvestrant kaɗai wata 5.7. Amma kusan kashi 64 cikin 100 na masu shan maganin sukarinsu ya hau, kusan kashi 37 ya hau matuƙa, kuma kashi 25 sun daina sha saboda illa.

Benjamin Hopkins a ɗakin Cantley, lokacin Cantley yana shugabantar cibiyar daji ta Meyer a Weill Cornell da ke New York, ya bi diddigin abin a 2018. Maganin ya toshe saƙon insulin a hanta da tsoka. Hanta ta zuba sukari, tsoka ta ƙi ɗauka, sukarin jini ya hau. Fankiriyas ta ga haka ta kwararo insulin. Insulin mai yawa ya sauka a kan ƙari, wanda shi ma yana da makarɓar insulin, ya sake kunna PI3K duk da maganin. A ɓeraye an ga ƙarin yana ƙara shan FDG jim kaɗan bayan an ba da maganin da aka yi don ya kashe shi. Sun gwada hanyoyi 3 na katse zagayen: metformin, maganin SGLT2 mai zubar da sukari ta fitsari, da abinci mai yawan maiƙo mai ƙarancin sitaci sosai. Metformin ya fi rauni. Sauran biyun sun hana hawan insulin, kuma ƙarin ya fi raguwa. Da aka yi wa ɓerayen allurar insulin, ribar abincin ta tafi.

Wannan ya shafi aikin asibiti kai tsaye. Kafin a fara alpelisib ana auna sukarin azumi da HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na 'yan watanni, sannan a auna sukarin aƙalla sau ɗaya a mako a makonni 2 na farko, bayan nan aƙalla duk mako 4. Idan ya hau, metformin ake fara bayarwa, kuma likitocin daji suna kauce wa insulin muddin akwai wata hanya, sai fa idan rai na cikin hatsari. Mai shan SGLT2 kuma ana sa ido a kansa saboda asid ɗin kiton na iya taruwa a jini ko da sukari bai yi sama ba. Inavolisib, wanda aka amince da shi a Oktoban 2024 tare da palbociclib da fulvestrant, ya kai wata 15 kafin cutar ta ci gaba, a kan 7.3 ba tare da shi ba, amma shi ma hawan sukari bai rabu da shi ba.

Akwai abu guda a takardar 2018 da masu tallan abinci ke tsallakewa. Abincin mai maiƙo shi kaɗai, ba tare da magani ba, bai nuna amfani iri ɗaya a ko'ina ba, a ɓeraye masu dajin jini na AML ma ya hanzarta cutar. Majiyyacin da ke ramewa, idan ya daina cin tuwo da shinkafa don wai ya kashe ƙari da yunwa, hantarsa za ta ci gaba da ƙera gulukos daga tsokarsa, sai ya rasa ƙarfin jure magani.

Cantley, wanda ya koma cibiyar Dana-Farber a Boston a 2022, ya daɗe yana cewa shi ba ya shan zaƙi, kuma ɗakinsa ya gwada zargin. A 2019 Marcus Goncalves da Jihye Yun suka riƙa ɗura wa ɓeraye maikurolita 400 na ruwan zaƙin masara mai kashi 25 cikin 100 kullum, abin da ya yi daidai da gwangwanin lemo guda ga mutum. Ɓerayen ba su yi ƙiba ba, amma ƙarin hanjinsu ya fi girma ya fi muni, kuma da aka cire enzayim KHK mai sarrafa furuktos, bambancin ya ɓace. Ɓerayen nan an riga an cire musu ƙwayar gadon APC mai hana ƙarin hanji, wato ƙarin zai fito ko da zaƙi ko babu. Abin da gwajin ya nuna shi ne zaƙin yana ciyar da ƙarin da ya riga ya tsiro a hanji, inda furuktos ke isa gare shi kai tsaye kafin ya shiga jini.